Gwaji Ɗaya, Awannin Aiki Daban-daban: Shin Rashin Lokaci Hujja Ce Ga Sojan Sama?

Kawun Soja:
Assalamu alaikum. Ina da wata magana da nake son masu sani su auna mini ita, domin ta hana ni sukuni. Ɗan ƙanwata yana aiki a rundunar sojan sama ta Amurka shekara 3 ke nan, yana cikin masu gyaran jiragen yaƙi, kuma a watan jiya ya faɗi gwajin ƙarfin jiki da ake yi musu. Gwajin da aka yi masa bai wuce gudun mil ɗaya da rabi ba, wato kilomita 2.4, sai ɗaga jiki da hannuwa daga ƙasa, sai tashi-zauna na ƙarfafa ciki, kuma maki 75 cikin 100 ake nema mutum ya tsallake. Da na kira shi na tambaye shi dalili, sai ya ce mini aikinsu ba ya barin su su yi atisaye, alhali waɗanda suke ofis ana sallamar su da rana su tafi ɗakin motsa jiki. Ni ban karɓi wannan uzuri ba, kuma na faɗa masa haka. Mako guda awa 168 ne. Ko da a ce yana yin awa 12 a kullum har kwana 5, awa 60 ke nan. A ba shi awa 56 na barci, saura awa 52 suna hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 kawai take nema daga baligi a mako, wato awa biyu da rabi. Matsayata ita ce: soja soja ne ko a ina aka ajiye shi, kula da jikinsa alhaki ne da ya ɗauka ranar da ya yi rantsuwa, kuma duk wanda ya ce babu lokaci, niyya ce babu.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Kawu. Lissafinka daidai ne a kan takarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi shekara 8 ina irin aikin da ɗanka yake yi, saboda haka ka ba ni dama in ƙirga maka yinin nan yadda yake a filin jirage.

Idan an ce aiki zai fara ƙarfe 6 na safe, to tun kafin lokacin kana tsaye ana kiran suna. Daga nan ka shiga layin karɓar akwatin kayan aiki, ka buɗe shi ka ƙirga kowace sifana da kowace sukundireba kafin ka sa hannu. Sai ku jeru ku taka filin da ƙafa, idanunku a ƙasa, kuna tsince duk wani tsakuwa ko noti ko guntun waya, domin injin jirgi yana zuƙar iska da ƙarfin da ƙaramin ƙarfe ɗaya zai iya lalata shi gaba ɗaya. Bayan wannan ka duba jirginka, ka tarbi matuƙi, ka sallami jirgin, ka jira dawowarsa, ka sa masa mai, ka duba tayoyi da birki, ka shirya shi domin tashi na biyu. Idan matuƙi ya sauko ya ce ya ga wata fitila ta kunnu a sama, to ranarka ta sake lale. Kuma duk abin da ka taɓa sai ka rubuta shi a takardun jirgi, sannan ka sake shigar da shi a kwamfuta.

Abin da ba a gani daga waje shi ne ƙarshen yinin. Ba ka tashi saboda agogo ya buga, sai ka damƙa jirgin ga masu karɓar ka, ka bayyana musu inda aka tsaya, ka mayar da akwati a sake ƙirgawa. Wata rana a wani sansani da na zauna, wani ƙaramin kan sifana da bai kai ɗan yatsa ba ya ɓace da yamma. An hana kowa tafiya, an hana jiragen da aka taɓa da wannan akwatin tashi, muka kunna tocila muna leƙa cikin kowane lungu na jirgi har bayan isha'i, sai can aka same shi a maƙale cikin wani tsumma. Babu wanda ya ce dokar ba ta da kyau, domin ran matuƙi take karewa, amma awa 12 ta zama 15 a ranar, kuma washegari an tsammace mu a kan lokaci.

Ƙa'idar gyaran jirage ta sa awa 12 a matsayin iyaka, wuce ta sai da izinin babban kwamanda. Iyaka ce aka sa, sai ta koma ita ce abin yau da kullum a wurare da dama, musamman tun lokacin da rundunar da kanta ta amsa cewa tana da giɓin kanikawa kusan 4,000 a wajajen 2015. An cike adadin daga baya, amma da sababbin yara, kuma yaron da bai ƙware ba sai an tsaya a kansa an sa hannu a kan aikinsa. Awanni 52 ɗin da ka ba ɗanka, Kawu, a cikinsu akwai tafiya da dawowa, da wanka da cin abinci, da karatun ƙarin girma, da aikin ƙarshen mako idan ya zagayo kansa. Abin da ya rage ba lokaci ne na mutum mai kuzari ba, lokaci ne na wanda ya wuni a tsaye kan kankare da takalmi mai ƙarfe a baki.

Akawun Runduna:
Yaya Bakanike, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma ina so in kare ɓangarenmu, tunda kullum mu ake nunawa da yatsa. Ina aiki a ofishin albashi. Gaskiya ne muna shiga 7:30 mu tashi 4:30 a yawancin ranaku, kuma gaskiya ne ana ba mu lokacin atisaye sau 3 a mako. Sai dai ba sata muke yi ba. Ƙa'idar rundunar ce ta ƙarfafa wa kwamandoji gwiwa su bar sojoji su motsa jiki har minti 90, sau 3 zuwa 5 a mako, a cikin lokacin aiki, gwargwadon yadda aikin ya ba da hali. Kwamandanmu ya bi abin da aka rubuta. Idan wani kwamanda bai bi ba, ba a kanmu laifin yake ba, kuma hana mu ba zai ƙara wa bakanike ko minti ɗaya ba.

Haka kuma a watan Satumba, da yake shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana ƙarewa ne ranar 30 ga watan, mu ma muna kaiwa dare a ofis. Zama a kujera awa 8 kuma yana da tasa illa. Mu ne ƙiba take kamawa. Saboda haka a wani ɓangare ina tare da Kawu: na san kanikawa da suke cin maki sama da 90, na kuma san ma'aikatan ofis da suke faɗuwa duk da lokacin da ake ba su.

Tsohon Bakanike:
Ƙanena, ka faɗi kalmar da duk rigimar take rataye a kanta ba tare da ka tsaya a kanta ba: gwargwadon yadda aikin ya ba da hali. Ofishinku yana iya manna takarda a ƙofa cewa an rufe sai ƙarfe 9, mai neman gyaran albashi ya dawo anjima. Jadawalin tashin jirage ba ya karɓar irin wannan takarda. Shi ya sa doka ɗaya take haifar da awa huɗu da rabi na atisaye a mako a wurinku, ta haifar da babu a wurinmu, alhali gwajin ɗaya ne, kuma albashin asali ɗaya ne ga masu muƙami ɗaya da shekarun aiki ɗaya, babu kuɗin ƙarin lokaci ga kowa.

Mai Gadin Ƙofa:
Ina gaishe ku duka, iyaye da yayye. Ni mace ce a cikin masu tsaron sansani, kuma ina so in ƙara wani fasali da ba a ambata ba. Mu tsarinmu a wurare da yawa shi ne kwana 2 aiki, kwana 2 hutu, kwana 3 aiki, sannan mako mai zuwa ya juya, kowane duti awa 12. Mai kallo daga nesa zai ce ai rabin wata muna hutu. Amma kafin ka hau duti sai ka je ma'ajiyar makamai ka karɓi bindiga da harsasai da rediyo, a jera ku a duba ku, a karanta muku umarnin ranar, sannan mota ta rarraba ku. Bayan an karɓe ka ma sai ka mayar da komai. Awa 12 ɗin tana zama 14 ba tare da wani abu ya faru ba. Ranakun hutun kuma a cikinsu ake cusa horon harbi da zuwa asibiti da sauran alƙawura.

Duk da haka, Kawu, zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. Ni ina gudu, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Amma ba ni da aure, ba ni da yara, kuma ɗakina yana cikin sansani, minti 5 daga ɗakin motsa jiki da yake buɗe dare da rana. Abokiyar aikina mai yara 2, wadda take kai su wurin reno kafin gari ya waye, ba za a auna ta da ni ba. Idan aka ɗauke ni aka ce ga hujja kowa zai iya, an zalunce ta da sunana, kuma ban yarda ba.

Kawun Soja:
'Yata, na gode da wannan adalcin. Amma ku duba, idan muka buɗe wannan ƙofar ina za ta tsaya? Yau mai yara, gobe mai aikin dare, jibi mai nisan gida. Ranar da aka kai wa sansani hari, maharin ba zai tambayi wane ne akawu wane ne bakanike ba. Dole kowa ya iya gudu, ya iya ɗaukar ɗan'uwansa da ya ji rauni. Wannan ai shi ne dalilin da ya sa a 2004, zamanin Janar John Jumper, babban hafsan sojan sama na lokacin, aka jefar da tsohon gwajin keken da ake tukawa a ɗaki aka koma gudu na gaske. Shin kuna so a sassauta wa kanikawa makin ne?

Tsohon Bakanike:
A'a, Kawu, ko kusa. Ban taɓa jin bakanike mai mutunci ya nemi a rage masa maki ba. Lokaci muke nema, kuma rundunar ta riga ta nuna cewa ta san yadda ake kare lokaci idan ta ga dama. Matuƙi ba ya tashi da jirgi sai ya sami awa 12 na hutu kafin duti, da damar barcin awa 8 a jere a cikinsu, kuma idan aka kira shi a waya da batun aiki aka katse masa, ana iya sake ƙirgawa daga farko. Wanda yake hasumiyar kula da tashi da saukar jirage ba a barin sa ya wuce awa 10. Waɗannan ba shawara aka ba kwamanda a kansu ba, umarni ne, kuma ana soke tashin jirgi saboda su. Masu kashe gobara suna kwana a tasharsu awa 24, amma motsa jiki yana cikin jadawalin dutinsu, kayan ma suna nan cikin tashar. Dakarun ceto da ake saukewa da laima kuwa, atisaye shi ne rabin sana'arsu, kuma gwajinsu ma daban ne, ya fi na kowa tsanani.

To ka ga inda aka rubuta "dole", abin yana faruwa. Inda aka rubuta "yana da kyau a yi", sai ya narke da zarar jirgi ya lalace. Wanda ya ɗaure kusoshin fiffiken jirgin nan da matuƙi mai cikakken barci zai hau, shi ne wanda hutunsa da atisayensa suka fi saurin salwanta. Wannan ne abin da yake ci mini rai har yau, shekaru bayan na ajiye kaki.

Hajiya Nas:
Ina bin wannan magana da damuwa irin ta mai aikin jinya, kuma Malam Kawu, kai nake so ka saurare ni da kyau, domin shawarar da za ka ba yaron nan tana iya taɓa lafiyarsa. Lissafinka ya ɗauka cewa kowace awa daidai take da 'yar'uwarta, alhali jiki bai san haka ba. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma mai aikin dare da yake kwanciya da hantsi ba kasafai yake samun wannan ba, ko da ya rufe taga da bargo. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa, yana sa sha'awar zaƙi da maiƙo, yana rage saurin warkewar tsoka. Idan aka riƙa juya mutum daga dutin rana zuwa na dare duk bayan 'yan makonni, jikinsa ba ya taɓa daidaituwa. Irin waɗannan yaran da lemon gwangwani mai hana barci da abincin injin sayarwa suke rayuwa, domin ɗakin cin abinci ya rufe kafin su tashi.

Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne abin da suke yi idan gwaji ya matso. Mutumin da ya yi wata 5 bai yi gudu ba sai ya tashi a mako 2 na ƙarshe yana azabtar da kansa, yana ƙin shan ruwa don ƙugunsa ya ragu, sannan ya je ya zuba duk ƙarfinsa a fili saboda ya san faɗuwa 4 a cikin wata 24 tana kai maganar mutum gaban kwamanda a kan ko a sallame shi. A 2019 sansanin Shaw da ke jihar Karolaina ta Kudu ya dakatar da gwajin na ɗan lokaci bayan sojoji 2 sun rasu a kusa da juna bayan sun yi shi. Ga kuma abin da ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye: da yawa daga cikinmu suna ɗauke da jinin AS, kuma an san cewa gudu mai tsanani tare da zafi da ƙishirwa yana da ƙarin haɗari a gare su, domin tsoka tana iya narkewa ta illata ƙoda. Ka tambayi ƙanwarka ko yaron ya san rukuninsa. Kada ka kunyata shi har ya tashi ya yi wa kansa ganganci.

Mutumin Agadas:
Hajiya ta ambaci zafi, kuma a nan ina da abin cewa ko da kaɗan ne. Ni mutumin Agadas ne, inda Amurkawa suka gina sansanin jirage marasa matuƙi mai lamba 201, suka fara tashi daga cikinsa a 2019, suka kwashe suka fita a watan Agusta na 2024. Duk wanda ya san garinmu ya san cewa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma ƙarfen da ya sha rana ba ya taɓuwa da hannu. Jirgin ba shi da matuƙi a ciki, mai sarrafa shi yana iya kasancewa a ɗaki mai sanyi har can jihar Nebada ta Amurka, amma mai gyaransa da mai sa masa mai a ƙarƙashin ranarmu suke. Sojojinsu suna da tsarin tuta na auna zafi, kuma idan aka kai baƙar tuta ana dakatar da atisaye a waje. Gudu yana tsayawa, gyaran jirgi ba ya tsayawa, sai dai a riƙa ba da hutu ana shan ruwa. Mu da muka taso muna ganin masu haƙar gishiri da masu jan raƙuma mun san cewa aikin ƙarfi yana cinye jiki ba tare da ya koya masa gudu ba. Mutum yana iya ɗaga buhu biyu amma numfashinsa ya ƙare a kilomita ɗaya.

Akawun Runduna:
Malam na Agadas ya taɓo abin da ya sa na fara sauya ra'ayi. Amma ina da tambaya ga Yaya Bakanike, ba don gardama ba. A watan Satumba na 2025 an sanar da cewa gwajin zai koma sau 2 a shekara ga kowa, za a kawo gudun mil 2, za a kuma dawo da awon ƙugu cikin maki bayan an cire shi a 2021, a riƙa gwada shi da tsawon mutum. Sakataren da ke kula da sojojin, Pete Hegseth, ya kuma gaya wa janar-janar a sansanin soja na Kwantiko ranar 30 ga watan cewa kowane soja zai riƙa motsa jiki a kowace ranar aiki. Shin wannan ba shi ne "dole" ɗin da kake nema ba?

Tsohon Bakanike:
Zai zama shi ne idan awar atisayen ta fito daga cikin awa 12 ɗin. Idan kuwa aka ɗora ta a kai, an ƙara wa mai kaya kaya. Na ga an yi haka da idona: mutane da yawa suka faɗi gwaji a sashenmu, sai aka ba da umarnin atisayen dole ƙarfe 5 na asuba, kafin duti, ba tare da an rage ko tashin jirgi ɗaya ba. Masu dutin dare suka riƙa tsayawa bayan sun tashi aiki su yi gudu idanunsu jajur. Abin da aka ci daga barci aka ci shi. Idan sashe yana da mutum 60 a duti, ba kowa awa ɗaya yana nufin awa 60 na aiki sun fita daga filin a kowace rana, kuma hanya biyu ce kawai ta cike su: a ƙara mutane, ko a rage tashin jirage. Kwamandan da ake auna shi da yawan jiragen da suka tashi ba zai zaɓi ta biyu da kansa ba, sai an rubuta masa, an kuma daina hukunta shi a kanta.

Kawun Soja:
Na ji ku, kuma ban ji kunyar cewa lissafina ya yi gajere ba. Ban san batun ƙirga kayan aiki ba, ban kuma san cewa hutun matuƙi doka ne alhali atisayen bakanike alfarma ce ba. Amma ban sauka daga matsayata gaba ɗaya ba. Dokar da kuke jira ba za ta iso kafin gwajinsa na gaba ba, kuma sunansa ne a kan takardar, ba sunan kwamanda ba. Zan kira shi daren nan in fara da tambayar ƙarfe nawa yake kwanciya, in kuma tambayi uwarsa batun jinin kamar yadda Hajiya ta ce. 'Yata mai gadi, tunda ke kina cikin irin wannan duti kuma kina tsallakewa, yaya kike raba makonki?

Mai Gadin Ƙofa:
Kawu, a ranakun duti ba na yin komai sai minti 15 na ɗaga jiki da ƙarfafa ciki a ɗakina kafin in sa kaki. Gudu a ranakun hutu nake yinsa, sau 3 a mako, kuma ba na yinsa a ranar farko bayan dutin dare, sai na yi barci na farfaɗo. Ka ce masa ya fara da minti 20 a hankali, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya sha ruwa sosai. Ka kuma ce masa ya je wurin sajensa tun yanzu ya nemi a rubuta masa lokacin atisaye a jadawali, domin wanda ya riga ya faɗi sau ɗaya ana sa shi a shirin gyara, kuma wannan takardar tana ba shi bakin magana da bai da shi a da. Idan sajen ya ƙi, akwai babban saje na sashe wanda aikinsa ke nan, ya kai maganar can.